Barikin da Ba a Jin Harbi

Bas ɗin ƙarfe bakwai daga Newbury
yana ajiye ni inda shingen waya ya soma.
Tun jiya sama take yayyafi,
ta kasa zuba, ta kasa bari.
Mai gadi ya dubi katina, ya dube ni,
ya ɗauko sunana a baki, ya ji nauyi, ya ajiye.

A barikin nan ba a jin harbi.
Makamanmu a kan tebur suke kwana:
kwamfuta, taswira, shayin da ya huce,
da harshen da na sha a nono.

Manjo Ashdown, mai furfura a gefen kunne,
ta ce garin can yana tangal-tangal,
aikinmu mu tokare shi kada ya kife.
Ta ɗora yatsa kan wani jan ɗigo.
Na san ɗigon.
Akwai tsamiya a bakin tasharsa,
akwai mai facin da har gobe yake bin babana kuɗin taya.
Na haɗiye, ban ce komai ba.

Ni mai ɗinka wa saƙo riga ne.
Tsirara suke kawo shi, da Turanci, yana rawar ɗari:
ku zauna a gidajenku,
kada ku bi jita-jita,
za a buɗe gada ranar kasuwa.
Sajan Treadwell ya ce a sa masa gishiri,
kada ya isa can yana warin baƙo.

Sai na buɗe tukunyar kakata Yalwa,
na ɗebo abin da takan faɗa
in an firgita a tsakar gida:
wanda ya gudu da tsakar dare,
da safe zai dawo neman takalminsa.

Aka naɗa, aka tura.
Kafin la'asar allo ya ce dubu goma sha ɗaya sun ji.
Aka tafa mini. Aka miƙo biskit.

Kada in zalunce su, ba kullum ne haka ba.
Bara mun ce a kauce wa hanyar rafi, an binne nakiya,
aka kauce, yara suka koma gida da ƙafafunsu.
Ranar na ci tuwon semo ni kaɗai a ɗakin haya
kamar mai walima.

Amma daren Laraba ina wanke kwano,
waya ta yi ƙara a kan firji.
Gwaggo Delu ce, muryarta duk haki:
"Saurari wannan da aka turo mana.
Wallahi ɗan gida ne ya yi maganar nan,
kamar Yalwa ta ɗaga kai daga kabari.
Da mun ɗaure kaya, har akuya mun sayar,
yanzu mun kwance."

Na saurari kaina sau uku
da muryar wani da ban taɓa gani ba.
Famfo yana zuba, ban rufe ba.

Da safe na tari Manjo a bakin matakala.
Na ce, gadar nan, da gaske za a buɗe?
Ta gyara takardun da ke hammatarta.
Ta ce, gwargwadon abin da muka sani a yau.
Ba ta yi mini ƙarya ba.
Na ga ita ma ba ta yi barci ba.

Magana zarar bunu ce, kowa ya sani.
Abin da ba a gaya mini ba,
daga rufin ɗakinmu nake zara,
ina miƙa wa masu taswira tsinke-tsinke.

Gobe ce kasuwa.
Na sa waya a caji kusa da matashi,
na ƙure ƙararta.
A waje yayyafin Ingila yana ta ƙwanƙwasa taga,
a can kuma Gwaggo ta jera takalmanta a bakin ƙofa
ta kwanta, saboda na ce.